Babi na Shida: Roka a Kan Tebur

Motoci iri uku ne ke cin abinci a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, a arewacin birnin Jos. Akwai a-kori-kura da ƙananan motocin da ke kwaso tumatir da kabeji da karas da koren wake daga gonakin bakin kogin Dilimi da ƙauyukan Filato. Akwai tireloli da gingimari na zamani masu shafaffen goshi, waɗanda ke kwasar kayan su nausa kudu, wasu har kasuwar Mile 12 ta Legas. Sai ta ukun, wadda kowace shekara raguwa take yi: tsohuwar Mercedes-Benz 911 mai gajeren hanci da bodin katako, wadda direbobi ke kira roka. Ita za mu ƙanƙance mu ɗora a kan tebur a wannan babi, ba tare da mun sayi ko taya ɗaya a shago ba.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron ƙauye yana fere karan dawa, ya ware ɓawo daban totuwa daban, ya yi ta soke wannan cikin wancan har mota ta tashi da kai da bodi. Yaron birni yana da langa-langa da gwangwanin madara da waya, tayoyi kuma daga tsinkakken silifa yake yanko su. A Malawi yara na lanƙwasa tasu da waya suna kiranta galimoto, a Madagaska kuwa abin ya zama sana'a, ana sayar wa baƙi motocin gwangwani a kasuwa. Awo ne ya raba motar yaro da samfurin da muke magana a kai. Yaro motar da ke cikin kansa yake ƙerawa, shi ya sa fitilunta kan fi ƙarfin fuskarta, sitiyarinta kuma ya zo masa har ƙugu don ya ji daɗin tuƙi. Mai samfuri mota ɗaya tak yake bi, mai lamba, mai ubangida, mai tabon da ta samo a hanya, kuma duk abin da ke jikinta dole ya ragu da kaso iri ɗaya, tun daga bamba har marfin tanki.

A Jos, gwangwani ɗan gida ne da ya tafi yawo ya dawo. Gwangwanin madara siririn ƙarfe ne da aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa, dalmar da ake liƙa shi da ita ma akwai kuza a cikinta. Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a Filato a farkon shekarun 1900, lokacin da 'yan dako ke ɗaukarta a ka har Loko a bakin kogin Binuwai. A 1914 ƙaramin layin dogo na Bauchi Light Railway ya iso Jos daga Zariya, a 1927 babban layi ya shigo ta Kafanchan, a 1957 aka rufe ƙaramin, hanyar Zariya ta koma hannun manyan motoci. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, kamfanonin da dama can tangaɗi suke yi suka ƙarasa durƙushewa, suka bar kududdufai birjik, manoman rani kuma suka kafa injin ban ruwa a bakinsu. Wani kaso na kabejin da ake lodi a Farin Gada da ruwan ramin kuza aka shayar da shi.

Rabin roka a Jamus aka zana shi. Kamfanin Daimler-Benz ya fito da wannan jerin motoci a 1959, kuma gajeren hancin doka ce ta haife shi. A shekarun 1950 gwamnatin Jamus ta Yamma ta taƙaita tsawon manyan motoci da nauyinsu don jirgin ƙasa ya samu kayan ɗauka, sai injiniyoyi suka cusa wani sashe na injin cikin ɗakin direba domin a bar wa kaya wuri a baya. Lambar da ke jikin ƙofa ma awo ce: 9 na nufin tan 9, mota da kayanta, 11 kuma ƙarfin doki 110. Yayarta 1113 tan 11 ce da doki 130. Injinsu OM 352 ne, na dizal, mai silinda 6 da lita 5.7, wanda babu abin da zai gagari bakaniken gefen titi a cikinsa. Turai ta daina yayin motar tun da daɗewa, amma an ci gaba da ƙera ta don kasuwannin waje har 1995. An harhaɗa ta a Brazil da Ajantina da Iran, a Najeriya kuma a kamfanin ANAMMCO na Enugu, wanda ya fara aiki a 1980. A kan shasinta aka gina dogayen bas ɗin molue na Legas. Duk wannan a rubuce yake. Akwai littattafan gyara, akwai kundin kayan gyara mai zanen kowane noti, kamfanin kuma yana da ma'ajiyar takardu da gidan tarihi a Stuttgart. Ko bayan shekara ɗari wani ya so sanin faɗin lagireton 911, zai samu.

Ɗaya rabin a nan aka yi shi, kuma ba a takarda aka yi shi ba. Kafintocin bodi ne suka gina shi da katako mai tauri na kurmin kudu da ƙarfen kusurwa da dogayen noti. A zamanin Bedford da Austin ma, sau da yawa shasi da inji da bonet kaɗai ke zuwa hannunsu, su gina sauran har da ɗakin direba da ƙofofinsa. Maigida ya koya wa yaronsa da ido da igiya da alli, yaro ya girma ya koya wa nasa. Tsayin bango, tazarar falanki, inda tsani zai hau, akwatin da ke zaune a kan rufin direba, duk abin da motar za ta ɗauka ne ke yanke su: ta shanu daban, ta buhun hatsi daban, ta tumatir kuma tana son wurin shimfiɗa katako hawa-hawa don kada kwandon sama ya murƙushe na ƙasa. Ranar da roka ta mutu, a cire injin a sayar, ƙarfen ya tafi sikelin 'yan gwangwan, katakon kuma ko gara ta ci ko murhu. A ganina, nan ne darajar samfurin take. Wanda ya auna bodin katako ɗaya da kyau ya mayar da shi ƙarami ya adana ilimin da ba ya cikin kundin kowane kamfani.

Jos ta san irin wannan aiki. A harabar gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda tsofaffin kawunan jirgin ƙaramin layin nan ke ajiye, akwai sashen gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Tushensa awon da Zbigniew Dmochowski, wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Poland, ya bi gari-gari yana yi wa gine-ginen ƙasa waɗanda maginansu ba su taɓa zana su ba. Bodin katako yana jiran mai yi masa haka.

To, sai a ɗauki tef. Amma kafin tef, gaisuwa. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ba ya ganin baƙo tsugune a ƙarƙashin babbar mota da waya a hannu ya wuce abinsa. A fara da shugabannin ƙungiyar direbobi ko na gareji, a faɗi abin da ya kawo mutum, a je da wani ƙaramin aiki da aka taɓa yi a nuna. Sannan a sami direban. “Baba, sannu da hutawa, motar nan nake son in auna, ƙaramarta zan ƙera.” Zai yi dariya, ya ce, “Kai yaro, ka rasa aikin yi ne?” Daga nan kuma shi zai riƙe maka bakin tef ɗin. Ranar kasuwa ba ranar awo ba ce, 'yan dako za su ture ka da kwando. Gara garejin makanikai da ke nan Farin Gada, inda za ka tarar da wadda aka ɗaga a kan kututture, tayoyi a cire, cikinta a buɗe.

Hoto yana ƙarya in an ɗauke shi kusa: abin da ke gaban kyamara ya kumbura, na nesa ya tsuke. A ja da baya sosai, a tsaya daidai tsakiyar motar, a jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikinta, a ɗauki gefe da gaba da baya. Sauran a bi da tef, a fara da tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya, domin ita ce uwar awo. Ɗaya daga cikin tazarar da kamfani ya fitar mita 4.2 ce, amma kada a dogara da littafi. Masu walda sun sha yanke shasi su ƙara masa tsawo.

Masu sayar da samfurin kwali, irin su Italeri da Revell, sun fi yin manyan motoci a ma'aunin 1:24, masu motocin soja a 1:35. Wanda zai ƙera komai da hannunsa babu abin da ya ɗaure shi da su, kuma 1:20 ya fi sauƙin lissafi: kowace mita ɗaya santimita 5 ce. Tayar roka, mai wili inci 20, tsayinta kusan mita ɗaya ne, saboda haka santimita 5. Tazarar mita 4.2 ta koma santimita 21. Falanki mai kaurin inci ɗaya ya koma milimita 1.27, bai kai kaurin tsinken ashana ba. Nauyi kuwa ba sau 20 yake raguwa ba, sau 8,000 ne, domin tsawo da faɗi da tsayi duk sun ragu tare. Motar tan 9 cike da kaya ta koma kilo ɗaya da giram 125. Inda lissafin ke cin amana shi ne kauri. Ƙarfen ƙofar mota mai milimita ɗaya ya kamata ya koma 0.05, siririn da iska za ta naɗe. Gwangwanin madara kuwa kusan 0.2 ne, wanda a babbar mota daidai yake da faranti mai milimita 4. Ba yadda za a yi da wannan sai dabara: a bar kaurin a ciki inda ido ba ya kaiwa, a goge bakin madigadi da na taga da zarto har su yi sirara, tunda baki kaɗai mai kallo ke gani.

Shasi ake fara yi, dogayen ƙarafa biyu da 'yan gajeru a gicciye. In ya karkace ko da milimita ɗaya, komai da za a ɗora masa zai gaji karkatar, kuma taya ɗaya za ta rataye a iska har abada. A kafe shi da ƙusoshi a kan shafaffen katako kafin a sa dalma. A gwada kowane gwangwani da maganaɗisu: wanda ya kama ƙarfe ne mai kuza, dalma za ta bi shi; gwangwanin lemo alminiyom ne, sai dai gam. Masu gyaran lagireto su ne malaman dalma a kowane gareji, zama na yini ɗaya kusa da su ya fi dogon bayani. Kwanon rufi kuma kada a gasa shi a ɗaki, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Sifirin ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan halin motar Najeriya yake. Kamfani ya sa ganye gwargwadon tan 9. Mai mota ya san abin da zai ɗora ya wuce haka nesa, sai bakanike ya ƙara ganye biyu ko uku, wani lokaci na wata mota dabam, kaurinsu bai ma zo ɗaya ba. Shi ya sa roka in ba kaya take ɗaga gindi sama kamar za ta ci da baki, in an yi lodi kuma ta zauna daram, ganyayen su miƙe. A ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, a yanko su daga langa-langa, kowanne ya fi na ƙasansa tsawo kaɗan, a ɗaure su da siririyar waya. Tun a nan ne mai samfuri zai yanke shawara ko motarsa da kaya take ko wayam, saboda lanƙwasar sifirin ba ta gyaruwa daga baya.

Kai shi ne mai wuya. Gwangwani yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya ba gardama, amma bonet ɗin 911 da madigadinta da goshin rufinta ta fuska biyu suka lanƙwasa lokaci guda, kuma wannan zagayen ne fuskar motar. In an kuskure shi, ko yaro zai ce wannan ba roka ba ce. Hanyar da ta fi ita ce a sassaƙa kan gaba ɗaya a guntun katako mai laushi, a goge shi har ya yi daidai da hoto ta kowace kusurwa, sannan a mayar da shi mazubi. Wasu kan gasa gwangwani ya yi laushi su bubbuga shi a kai da ƙaramar guduma. Wasu kan tsaga bututun ruwa na roba, su ɗumama shi ya baje, su danna shi a kan katakon tun da zafinsa. Ɗumamawa aka ce, ba ƙonawa ba, hayaƙin robar guba ne. Inda ya lotsa a cike da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita. A kuma duba fitilu da kyau: a wasu suna cikin zagayayyar ragar gaba, a wasu an saukar da su cikin bamba, gilashin gaba ma na farko-farko ya fi na baya ƙanƙanta. Motar da ta shekara arba'in a hanya tana iya ɗauke da fuskar wata shekara da ƙofar wata. Abin da aka gani shi za a ƙera.

Tayoyi bakwai ne, biyu a gaba, huɗu a baya, ɗaya safaya, kuma dole su fito kai ɗaya. Silifa tana yi, in an kafe ta a bakin injin huda ana juyawa ana goge ta da samfefa. Wanda ya samu robar zubi sai ya ƙera ɗaya da kyau ya zuba sauran. Ni dai na fi son a bar su da bambancin da ke jikin ta gaske: wannan sabuwa, wannan ta suɗe, safaya kuma har zare ya leƙo.

Bodi hutu ne bayan wahalar kai, amma yana cin lokaci. A tsaga katako siriri-siriri, a bi tsarin kafinta yadda ya bi: gicciyayyun katakai a kan shasi, daɓe, ginshiƙai, sannan falankan bango. Katako mai manyan jijiyoyi ba ya yi, domin jijiyar ba ta raguwa sau 20 don an roƙe ta. Mai lallausan jiki ake nema, kuma ragowar da masu yanka ke zubarwa a kasuwar Katako ta ishi mota goma. Kan kowane noti kan allura ne, a yanke a soka. Ɗaruruwa ne. Babu gajeriyar hanya.

Fenti mai sheƙi shi ke mayar da aikin wata shida abin wasan yara. A kashe ƙyallinsa, a sa jar ƙura a inda take kwanciya, baƙin dizal a bakin tanki, gogewar hannu a marikin ƙofa. Sai dai masu samfuri da yawa, musamman masu koyo daga bidiyon Turawa, kan zuba tsatsa har motar ta koma gawa. Wannan rashin adalci ne ga direba da karen motar da ke wanke ta duk safiya. Roka mai aiki tsohuwa ce mai kwalliya: zaki ko gaggafa ko ɗan dambe a ƙofar baya, furanni a gefe, “Allah Ya kiyaye” ko “Sai haƙuri” a goshi. Harafi mai santimita 20 zai koma santimita ɗaya, da burushi mai gashi kaɗan ake rubuta shi. In mai fentin asali ya tsallake harafi ko ya juya shi, a bar masa abinsa. Ba gyara aka zo yi ba.

Duk sanda matashi ya fito da irin wannan aiki, abin da ake cewa ɗaya ne: ga injiniya, gwamnati ta taimaka. A kawo sunan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatun zanen mota a Detroit, ya zana siffar Chevrolet Volt da General Motors ya nuna a 2007, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta ƙasa a 2017. Gaskiya ne kamfanonin mota har yau da yumɓu suke fara sassaƙa sabuwar mota, kuma hannun da ya iya fitar da goshin roka a katako ya kama hanya. Amma yabon yana da illa. Yana sa yaro ya manna wa samfurinsa batir da fitila mai walƙiya da rimot don ya burge manya, ya bar awo, wanda shi ne ainihin abin da injiniya ke ci da shi. Mota mai tafiya da ƙyar a gaban kyamara an gan ta sau dubu. Wadda za a ɗora rula a kanta a ninka da 20 a samu tsayin bangon da wani kafinta ya gina shekaru arba'in da suka wuce, ita ce ba a cika gani ba. Saboda haka a ƙarƙashin daɓen a manna takarda: ma'auni, inda aka auna motar, shekarar da aka auna ta, da garin da aka gina bodin in direba ya sani.

Saura kaya. Kwando mai faɗin santimita 60 zai koma santimita 3, a saƙa shi da zaren kaba da aka tsaga, a cika na saman kawai da ƙananan duwatsun ado da aka shafa wa ja, na ƙasa ba mai ganinsu. Tamfol daga tsohuwar lema, igiya daga zaren ɗinkin takalmi, jarkar ruwa da buta a rataye a gefe, tabarmar karen mota a naɗe a kan rufi.

Alƙalan aikin suna inda aka auno shi. A mayar da samfurin gareji a ajiye a kan benci. Direbobi ba za su ce komai a kan wata shidan da aka kashe ba. Ɗaya zai duƙa ya ƙirga ganyen sifirin, wani ya ce salansar ba ta wannan gefen take fita ba, a yi ta musu har a je a duba babbar. Karen mota kuma, wanda rabin aikinsa dirowa ne da gudu a kan hawa ya cusa katako a bayan taya, zai leƙa ƙarƙashin bodi ya ɗago ya ce, “Oga, ina weji?” A ma'aunin 1:20, guntun katako ne mai kusurwa uku da bai wuce santimita biyu ba, da ɗan mariƙi a gefe.